Zuman Ƙofar Malam Barau

Tun shekarar da doka ta kwashe mutanen Tungar Gawo zuwa birni mai rufi, ƙudan zuma suka ƙaurace wa amya, ko an turara ta. Sai a ƙofar ɗakin da mai rai ke kwana suke dunƙulewa. Dunƙule biyu suka rage a garin, na Inna Tabawa da na maƙwabcinta Malam Barau.

Da safe ta dama kunun mutum biyu. Tana ɗaga asabari ta ga dunƙulenta ya ninka, har yana taɓa ƙasa.

Ta ɗaga murya ta kan danga: "Malam, an tashi lafiya?"

Shiru.

Ta daɗe tana duban zuman, sannan ta ce, "Ko jana'iza ba ku tsaya ba? To ni ran da tawa ta zo, ƙofar wa za ku?"