Farfesun Yaya Tanimu

Tun da aka kawo munduwar hankali, ba a sake zaluntar kowa a kotu ba. Duk mai ciwon hanta sai ya ɗaura ta. Idan dattin nama ya taru a jininsa har zai rikita masa kai, sai ta yi ja, alƙali kuwa ba ya sauraron mai jar munduwa.

Shi ya sa Ilu, mai ciwon hanta, ya tsargu lokacin da yayansa Tanimu, wanda suke shari'ar gona da shi, ya fara aiko masa da farfesu kullum.

Kande, matar Ilu, ta ce, "Malam, ka ƙi farfesu, to tuwona me ya yi maka?"

"Na san me aka ba ki ki zuba a miyar? Tanimun da bai taɓa ba ni ko ƙashi ba."

Ranar shari'a Ilu ya isa kotu da yunwar kwanaki, munduwa ta yi jawur.

Ma'aikaciyar da ke dubawa a ƙofa ta ce, "Baba, yaushe rabonka da abinci? In ka bar jiki da yunwa, ai naman kansa yake ci."

Tanimu ya riƙo hannunsa cikin tausayi, ya zaunar da shi a bencin waje, ya shiga shi kaɗai.