Gado Na Ashirin Da Ɗaya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama. Ta zo, mu ji ta.

Wani tsohon likita ne yana neman tabarau a durowa, sai hannunsa ya taɓo ƙaramar kwamfutar aljihun da ya yi aiki da ita shekara da shekaru. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba, da ɗan tsinkenta na rubutu maƙale a gefe. Ya kai wa mai gyaran rediyo na bakin layi, aka sa mata batir, ta farka.

Ya dawo gida ya zauna da ita a teburin cin abinci. Tun rasuwar matarsa gidan ya yi masa yawa. Kujera shida, mutum ɗaya. 'Ya'yan suna nesa, sukan kira in sun tuna.

A zamaninsa, wannan 'yar na'ura ita ce kansa. Kowace safiya takan jero masa gadajen ɗakin majinyata, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya karce da tsinke, ita ta mayar da karcen haruffan bugu, har nas-nas suna godiya sun huta da tafiyar tsutsarsa. Duk wanda ya tare shi da magana a tsaye, a asibiti ko a ƙofar gida, amsa ɗaya yake samu: abin da ba ya cikin na'ura, bai ji shi ba. Matarsa ma "maigidan maigida" take ce mata. Ita ke goge ta ta jona mata caji in ya shiga wanka.

A makon nan ne asibitin za su karrama shi. Sun aiko masa da abin da za a rubuta a allon girmamawar da za su ba shi: likitan da bai taɓa tsallake majinyaci ba. Maganar ta yi masa daɗi, sai da na'urar ta haska.

Can ƙasan jerin akwai layi ɗaya da ba a kashe ba. Gado na ashirin da ɗaya.

Ya tuna shi. Ɗakin gado ashirin ne cif, don haka ya ɗauke shi kuskuren na'ura, bai taɓa buɗewa ba. Gogewa sai an bi matakai uku, ɗagawa zuwa gobe kuwa dannawa ɗaya ce. Ya yi ta dannawa wata bakwai, har layin ya daina tashi. To, in fa mutum ne? In an taɓa shimfiɗa wa wani katifa a baranda? Ba zai karɓi allon ƙarya ba.

Ya kira tsohuwar shugabar nas. Ta yi dariya har da tari, ta ce ko tabarma ba a taɓa ƙarawa ba, kuma wa ya isa ya taɓa na'urar nan? "Likita, da ka cije mu. Ai ba ta barin aljihunka sai ka koma gida."

Ya ajiye waya. Ya zaro tsinken, ya taɓa layin.

Rubutu ne gajere-gajere, kowanne da ranarsa. Numfashi na yin wuya in an hau bene. Takalmi ya matse, ƙafa ta kumbura. Sai da matashi uku ake iya kwanciya. Tsohon likita ya girgiza kai. Zuciya ce, ko ɗalibi zai gane. Da a ce ya gani a lokacin, da ƙwaya biyu da awo ɗaya sun isa su saya wa mai gadon shekaru.

Ya gangara zuwa na ƙarshe, yana neman suna.

"Baban yara, na ga sai wanda ke cikin nan kake dubawa, shi ya sa na shigo layi. In ka gama da na asibiti, gadona shi ne naka, ɓangaren bango. Ba gaggawa."

Ƙurunƙus kan kusu, tawa ta tsaya nan.