Akwatunan Kawu Kunne

Kawu Kunne ya hura wa gilashin ɗakin ɗaukar murya iskar baki, ya goge shi da hannun riga, ya koma ya sake gogewa, sai ka ce surukai ne za su zo dubawa. Yau ce ranar gwaji, kuma kujerarsa ce ke rawa.

Shekara ashirin da shida ke nan yana haɗa sauti a wannan situdiyon. A gefen teburinsa akwai akwatunan ƙarfe uku a kan wata kanta mai taya, kowanne da allurai da ƙananan fitilu. Ɗaya yana danne murya idan ta yi tsalle, ɗaya yana ƙara mata amsa-kuwwa. Na ukun kuwa, in ka tambaye shi aikinsa, sai ya ce gishiri yake sa wa waƙa, ya ci gaba da harkarsa.

Duk waƙar da aka ɗauka a kwamfuta sai ta fita ta kebul, ta ratsa akwatunan, ta dawo ta wani kebul ɗin. Waƙar minti biyar, minti biyar za a zauna ana jiranta. A yi kuskure, a koma farko. Mawaƙa sun sha yin gyangyaɗi a kan benci.

Maganar gaskiya, mutumin ba shi da daɗin zama. Ba ya ɗaga waya, wai mai magana ya zo ya faɗa a kan idonsa. Ka gaishe shi ta baya, kamar da bango kake. Ka zagayo gabansa, ya ƙura wa bakinka ido sai ka ce mai cire haƙori. Idan yana murɗa maɓalli kuma, fuskar mawaƙin yake tsarewa da kallo har bawan Allah ya tsargu. Amma aiki? Sai dai a sara masa.

Da mai situdiyon ya rasu, ragamar ta koma hannun 'yarsa, Auta, wadda Kawu ya sha ɗorawa a wuya tana ƙarama. Ta dawo daga karatu da manhaja cike da kwamfuta, ga kuma baki.

"Kawu, duk abin da kwanonin nan ke yi, manhaja tana yinsa kafin ƙiftawa da bismillah. Wutar lantarki kawai suke sha, suna dafa mu da zafi."

"Kwanoni?" Ya daka tsawar da aka jiyo har bakin titi. "Ranar da akwatunan nan suka fita, ƙafata ƙafarsu!"

Ashe yarinyar ba ta san wasa ba. Ta ce to, a gwada. Za a kunna waƙa ɗaya sau goma, wani lokaci ta cikin akwatunan, wani lokaci ta manhajar da ke kwaikwayonsu. Kawu ne zai faɗi ta inda waƙar ta bi. Ya kuskure ko da sau ɗaya ne, akwatunan sun tafi, shi ma kuma ya cika alkawarinsa. Baki shi ke yanka wuya.

Aka kira wani mawaƙi mai siririyar murya, Ɗan Tsako, ya zama alƙali. Auta da kanta ta tura kantar har bayan Kawu, ta kashe manyan fitilun ɗakin don kada hankali ya rabu, ta zauna da kwamfutar a can kusurwa inda ba zai leƙa ba. Kawu ya gindaya sharaɗi ɗaya: babu surutu, domin surutu yana ɓata kunne. Ɗan Tsako ya tsaya a gabansa yana ɗaga yatsa a kowane zagaye, Kawu kuma zai rubuta amsa a takarda.

Yatsa ɗaya. Kawu ya dafe haɓa, ya zuba wa gilashi ido, fuska a murtuke kamar mai tuna wata tsohuwar gaba. Ya rubuta. Yatsa biyu, ya yi tsaki ya rubuta. A na shida Auta ta yi masa wayo, ta maimaita manhaja sau biyu a jere. Ko gezau. A na tara gumi ya jiƙe masa wuyan riga, amma alƙalamin bai tsaya ba.

Ɗan Tsako ya haɗa takardar Kawu da wadda Auta ta rubuta jerin abin da ta kunna, ya duba, ya sake dubawa, ya buɗe yatsunsa goma a sama.

"Kai! Wannan ba kunne ba ne, aljani ne!"

Kawu ya miƙe, ya jawo kantarsa ya mayar da ita mazauninta, ya juya musu baya ya hau kakkaɓe ƙura.

Jikin Auta ya yi sanyi. Ta tako ta tsaya a bayansa.

"Kawu, na yi rashin kunya. Kai ne uban da ya rage mini. Don Allah ka yafe mini."

Shiru. Ta ƙara cewa ko Baba yana nan ba zai so abin da ta yi ba. Shiru. Ta jira har hawaye suka zubo, sannan ta fice tana faɗa wa Ɗan Tsako cewa ba ta taɓa ganin tsoho mai riƙo irin wannan ba.

Allah sarki, babu wani riƙo. Duk zagayen da waƙa ta ratsa akwatunan, fitilunsu na ƙyaftawa, Kawu kuma yana hango su tas a jikin gilashi. Ban-haƙurin Auta kuwa bai ma san an yi ba, domin shekara huɗu ke nan rabon kunnen Kawu Kunne da jin ko da tsawar aradu.