Ranar da Tarakta Ta Zo

Direban tarakta ya kashe inji a bakin gonar.

"Baba, ina sauran?"

"Ita ke nan, ɗana," in ji tsohon.

"Ai ko juyawa ba zan iya ba, sai na taka ta maƙwabci."

Damina goma sha ɗaya tsohon yana jiran layi ya zo kansa. A zamanin kakansa, sai mai noma ya huta sau biyu kafin ya kai ƙarshen gonar nan. Gado ya yi ta yankar ta har rabonsa ya tsaya a kunya tara.

Tarakta ta yi gaba. Ya juya zai ce wa 'ya'yansa uku su ɗauko garma, sai ya ga bakin babban yana motsi, idonsa a kan kunyoyin. Rabawa yake yi, uku-uku.