Ƙafar Suruki a Jirgin Fito

Sallau, tun ɗazu nake kallonka kana murza ƙwauri kana ce mini ba komai. Bakinka ya iya ɓoyo, ƙafarka ba ta iya ba. Gyara zama in ba ka misali.

An yi wani manomi a wani ƙauye na bakin gulbi, ƙaƙƙarfa ne, ba ya jin wuyar noma, amma Allah ya jarabce shi da ƙafafu marasa zama. In dai yana tafe ko yana huɗa, lafiya lau. Da zarar ya daɗe a zaune, sai ya ji kamar kiyashi na yawo cikin ɓargonsa. Ba ciwo ba ne, ba ƙaiƙayi ba ne, sai dai dole ya motsa, in kuma ya ƙi, ƙafar ta harba da kanta. Ya sha jiƙo ya yi turare har ya gaji. Abin da kawai ke kwantar masa da ita nauyi ne. Sai ya miƙe ƙafa a ɗaki, matarsa ta danna masa sharaɓa da tafin hannu, ta ɗora masa buhun hatsi a kai, can sai kiyashin su lafa. Amma ya ja mata kunne kada ta kuskura ta faɗa wa kowa. Wai shi abin kunya ne a ce ƙato kamarsa ana danne shi kamar kwanon rufin da ake tsoron iska ta yaye. Girman kai dai, Sallau, ka san shi.

Ran nan da tsakiyar damina, gulbi ya kawo har ya shanye mashigi, aka yi rasuwa a hayi cikin dangin matarsa. Ta'aziyya ba a ɗaga ta. Ya shiga jirgin fito da wuri, ya zauna yana jiran a cika, jira ya yi tsawo. Wadda ta shigo ƙarshe kuwa uwar matarsa ce, da buhun dawarta na gudummawa, kuma babu sauran wuri sai daidai gabansa, gwiwa na neman taɓa gwiwa. Ka san tsakanin mutum da surukarsa: ba ya haɗa ido da ita, ba ya ci a gabanta, balle ya miƙe mata ƙafa. Ya sunkuyar da kai ya naɗe ƙafafu. Mai fito ya dubi bakin jirgin, tsakaninsa da ruwa bai fi taƙi ba, ya ce kowa ya zauna kamar an dasa shi, wanda ya motsa ya kashe jama'a.

Ba su kai tsakiya ba kiyashin suka tashi. Ya cije leɓe. Ya kafa ɗan yatsa a cinya ya matsa har ya ji zafi, a banza. Zufa ta karyo masa alhali iska na kaɗawa. Ga ruwa ja wur yana gudu da itatuwa, ga mata da goyo, ga tsofaffin da ko a tafki ba su iya iyo ba. Ya san maganinsa, yana ma kallonsa, ga shi nan jingine da gwiwar surukarsa, kalma ɗaya ce tsakaninsa da shi. Amma ya ce a ransa gara ya daure. Sai ƙafar dama ta harba. Jirgi ya karkata, ruwa ya kwararo ciki, mata suka ɗauki salati. Mai fito ya daka tsawa yana tambayar wane ne, mutuminka ya kau da kai kamar ba shi ba. Kafin a kwarfe ruwan, ta hagu ta fara rawa, kuma sun doshi inda igiyar ruwa ta fi ƙarfi. Wallahi ni da nake ba ka labarin haushinsa nake ji. Rayukan mutane cike da jirgi, shi kuwa yana tattalin kunyarsa.

Tsohuwar nan ba ta ɗaga kai ba. Ta ce da shi a hankali, “Miƙo su nan.” Ya yi kamar bai ji ba. Ta ce, “Ɗan nan, miƙo su, jikokina ba za su zama marayu don kunyarka ba.” Ya miƙa. Ta mirgino buhun dawar sannu sannu don kada jirgi ya ji, ta kwantar da shi bisa ƙwaurinsa, sannan ta kifa a kai da duk nauyinta, ta riƙe idon sawunsa gam da hannu biyu. Ƙafar ta yi ta zillo a ƙarƙashi kamar kifi a koma, tsohuwa ba ta saki ba. Suka shiga igiyar ruwan, jirgi na ƙara. Can ƙafar ta saduda, ta kwanta, kuma haka suka fita hayi, suruki a miƙe, surukarsa a kan ƙafarsa, kowa na gani.

Da suka taka tudu ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ita kuwa ta gyara mayafi ta ce ai tun shekarar aurensu 'yarta ta gaya mata. Ka ga abin da ya kusa kifar da jirgi a kansa, ashe ba asiri ba ne ma.

To kai ma, Sallau, ka daina murza ƙwauri a ɓoye. Faɗa wa iyalinka su danna maka, tun kana kan tudu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.