Inda Kakata Ta Ƙi Takawa

Shekarar fari, sojoji na rabon jar dawa a unguwarmu a Agadas. Ina riƙe da ƙwaryar kakata, ina rera waƙar da muka koya a lakwal, wato makarantar boko, ta jaruman da suka yaƙi Nasara bisa raƙuma.

Da jeri ya kai mu gindin wani bango, sai kakata ta kauce. Soja ya daka mata tsawa: "Tsohuwa, koma wurinki ko ki rasa!"

Ta ce, "Ɗana, nan Nasara suka yanka babana bayan masu raƙuman sun gudu. Ba na taka wurin."

Muka koma gida ƙwarya wayam. Har yau waƙar tana ƙona mini rai: ko baiti ɗaya babu na waɗanda aka bari a gari.