Wanda Ya Kashe Baturan Zayyanu

Ƙarfe biyu na rana injin inbata na wutar sola ya fara ƙara, firji ya ɗauke. Malam Zayyanu ya buɗe shi ya taɓa kwalaben allurar ciwon sugar matarsa Lubna. Da sauran sanyi, amma a zafin Sakkwato na watan Afrilu ya san ba za su kai la'asar ba.

Batura na biyu ke nan da suka mutu cikin shekara ɗaya da rabi, kuma duka a hannun Gidaɗo mai haɗa sola ya saye su. Zayyanu bai ga laifinsa ba. Ya gina wa baturan ɗaki mai iska, ya ɗora su kan katako, bai taɓa barin caji ya ƙare ƙaf ba. Babu Juma'ar da ba ya shiga bayan alwala ya goge su, ya duba su ɗaya bayan ɗaya.

Ya kai allurar firjin maƙwabta, ya wuce zauren mai unguwar Runjin Sambo. A gaban mutane ya ce Gidaɗo jabun kaya yake sayarwa, kuma saura kaɗan ya kashe masa mata. Aka kira Gidaɗo. Ya zo yana rantsuwa, gumi na zuba masa. Mai unguwa ya ce idan magana ta tabbata, Gidaɗo ba zai ƙara ɗaura waya a gidan kowa a unguwar ba.

Aka aika Sabon Gari aka ɗauko Baba Tambari, tsohon makanikin batir da kowa ya yarda da ganinsa.

Aka ɗunguma gidan Zayyanu har da mai unguwa da Gidaɗo, Zayyanu ya ciro makulli daga aljihu ya buɗe ɗakin baturan. Tsohon ya durƙusa, ya kwance murfin batir, ya zuƙo ruwan ciki da ma'auni ya ɗaga wa haske. Ya leƙa ramin batir ɗin.

"Kayan ga na ƙwarai ne," ya ce. "Kashe su anka yi."

Gidaɗo ya jingina da bango ya rufe ido. Zayyanu kuwa ya shiga lissafi. In ba daga shago ba ne, to daga cikin gida ne. Idonsa ya kai kan ƙanensa Junaidu da ke tsaye bakin ƙofa. Tun rabon gado suke gaisuwa sama-sama, kuma sau biyu Junaidu ya yi ƙorafin an cinye tsakar gida da wannan ɗakin. Zayyanu ya yunƙura zai jefe shi da kalmar zargi, kalmar da idan ta fita ba ta komawa. Mai unguwa ya lura, ya dafa hannunsa.

Baba Tambari ya ci gaba da bayani yana goge yatsu. Irin wannan batir, in ruwansa ya ragu, tataccen ruwan batir na kwalba kaɗai ake ƙara masa. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke cin farantan ciki a hankali, har su daina riƙe wuta.

"Kuma mai aikin ga ba mugu ba ne," ya ce. "Ku duba, ko wane rami an cika shi daidai layi, ba ɗigo a waje. Mutum ne mai kula, ya daɗe yana yi. Wa ka shiga nan, Malam?"

Zayyanu ya buɗe baki, sunan Junaidu na kan harshensa, sai ya rufe. Makulli ɗaya ne, kuma bai taɓa barin aljihunsa ba. Kowace Juma'a, in ya gama alwala a bakin rijiya, da ragowar ruwan butarsa yake shiga ya shayar da baturan.